Filin ƙwallon da ba a busa usur

Malam Edita, assalamu alaikum, ina gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aiki.

Ni ɗan Kano ne, karatu ya kawo ni Khartoum a 2017, na yi aure a nan cikin Hausawan Sudan. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 muna cikin goman ƙarshe na azumi, abokaina ɗalibai suka hau motocin da suka kwashe su zuwa iyakar Masar, ni kuwa na bi iyalina muka gangaro Gadarif wajen dangin matata, kuma har yau ina nan. Ba labarin yaƙi na zo da shi ba, wannan kuna ji a rediyo. Maganar yara kurame ce ta sa na ɗauki waya nake rubuto maka, don wallahi abin ya tsaya min a rai.

A unguwar da muka sauka akwai wani yaro ɗan maƙwabcinmu, shekarunsa tara, sanƙarau ne ya kama shi yana ɗan shekara uku, ya tashi amma kunne ya tafi. Da yamma in na tara yaran unguwa muna buga ƙwallo, don tun a Kano sana'ar yammacina kenan, sai in gan shi a bakin fili ya jingina da katanga yana bin ƙwallon da ido, in na ce a sa shi sai yara su ce ai Ustaz, yaron nan ba ya jin kira, ɓata mana wasa zai yi. Babu mai kiransa da sunansa, kowa bebe yake cewa har 'yan gidansu, alhali muryarsa lafiya ƙalau, in ya yi dariya daga ƙarshen layi za ka ji.

Mahaifiyarsa ce ta haɗa ni da wata malama, ita ma kurma ce, ta gudo daga Wad Madani lokacin da garin ya faɗi a Disambar 2023. Makarantu a lokacin duk sun cika da 'yan gudun hijira, aji ɗaya iyali uku ko huɗu, to ita sai ta samu aron wani tsakar gida aka kafa rumfa, rakuba suke cewa a nan, ta riƙa bi gida gida tana roƙon iyaye su ba ta yaransu kurame. Ta rubuta min a wayarta da Larabci cewa tana da allo tana da alli amma ba ta da mai fitar da yaran su motsa jiki, kuma ba ta da ko fam ɗaya da za ta ba ni. Na ce na ji na gani.

Ranar farko na je da usur rataye a wuya kamar yadda na saba, na jera su na busa, babu wanda ya motsa, suna ta kallon bakina suna jiran in faɗi wani abu da ido zai gane. Na ji nauyin abin har cikin zuciyata, domin a lokacin na gane cewa duk tsarin wasan da na sani an gina shi ne don masu ji. Malamar ta shiga ciki ta yago jan ƙyalle ta ɗaura a kara ta miƙa min. Tun ranar tuta ce usur ɗinmu, in na ɗaga kowa ya tsaya, wanda ya ba ni baya na kusa da shi ya taɓa masa kafaɗa, kuma dole kowane yaro ya koyi buga ƙwallo kansa a sama, yana duba abokinsa yana duba ni. Yaran da na horar a Kano sai na shekara ina cewa ɗaga kanka, waɗannan cikin wata ɗaya suka iya, don da ido suke rayuwa.

Mun raba su gida biyu, Hilal da Marikh, sunayen manyan ƙungiyoyin ƙwallon ƙasar, don a Sudan ko jariri ya san shuɗi da ja. Riguna ba mu da su, zare muke ɗaura musu a hannu. 'Yan mata ma ba a bar su a rumfa ba, akwai tsallen igiya da 'yar gala-gala da carafke, wasu kuma ƙwallon suke so kuma suna bugawa.

Akwai abu biyu da ba zan manta ba. Na farko langa. Na ce bari in koya musu wasanmu na gida, kowa ya kama ƙafa ɗaya, sai na ga yaron maƙwabcinmu da wasu biyu ko taku uku ba sa yi sai su kife, in kuma suka rufe ido ko tsayuwar ma ba ta yiwuwa. Daga baya wani likita ya fahimtar da ni cewa abin da ke daidaita tsayuwar mutum a can cikin kunne yake, kusa da wurin ji, sanƙarau in ya lalata ɗaya yakan taɓa ɗayan. Ashe faɗuwar da yake yi da dare a hanyar masallaci, wadda ake masa faɗa ana cewa rashin natsuwa ne, ciwo ne ya bar masa. Muka ja layi a ƙasa da toka yana bi a hankali, yana kafa ido a kan wani dutse, yau taku biyar gobe bakwai, bayan kamar wata huɗu ya je ruwa ya dawo a ƙafa ɗaya, ya zo ya kama rigata yana jijjigawa yana nuna min layin da yatsa wai in gani.

Na biyu kuwa har yanzu in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Na samo tsohon durom don fara tsere, tunda bugunsa ana jinsa a ƙirji da tafin ƙafa ko kunne bai ji ba. Ina dokawa sai wata yarinya daga cikin 'yan Madani ta zube ƙasa ta rufe kai da hannu tana makyarkyata. Ita ba ta taɓa jin ƙarar bam ba, girgizar ƙasa ta sani, kuma a ranar da suka gudu kowa ya ji ya ruga ita tana tsakar gida ba ta san me ake ciki ba sai da yayarta ta dawo ta fizge ta. Na ajiye durom ɗin kusan wata guda, daga baya malamar ta ba ta sandar ta ce ita za ta riƙa bugawa. Yanzu ita ce mai tayar da tsere, kuma ba ta yarda kowa ya taɓa sandar nan.

Su suka raɗa min suna, yatsa a kan haƙoran gaba saboda wushiryata, kuma su suka koya min maganar hannu, ta Sudan, wadda ta sha bamban da ta gida. Yaran Hausawa a cikinsu su suka fi ba ni tausayi, a gida ana Hausa ba sa ji, a allo Larabci, babu mai yi musu magana da hannu sai nuni na zo ka ci, tafi ka kwanta. A fili ne suka fara gardama da juna, wannan ya ce ƙwallo ya taɓa hannu wancan ya rantse bai taɓa ba, kuma Malam Edita yaron da ya iya gardama ai ya samu harshe.

Wata Alhamis mahaifin yaron nan ya dawo daga gonar riɗi ya tsaya kallo, ɗan ya ci ƙwallo, dattijon ya riƙa tafi yana ƙwala masa kira, yaro bai waiwayo ba. Malamar ta nuna masa ya ɗaga hannuwa sama ya karkaɗa, haka kurame suke tafi. Da aka tashi ya ja ni gefe ya ce, Malam, yaya zan ce masa na ji daɗi? Na ce Baba ga shi nan, na nuna masa. Shekara shida suna gida ɗaya bai taɓa faɗa masa wannan ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne in na tuna gida sai in ga halin ɗaya ne. Kurame nawa muke gani a tasha da bakin masallaci riƙe da takardar neman taimako? Alhali mu Hausawa muna da maganar hannu tamu tun kaka da kakanni, ga makarantar Tudun Maliki a Kano tun 1977, ga dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya da aka sa wa hannu a 2019. Wani baƙar fatar Amurka, Andrew Foster, shi ma kurma ne, ya baro ƙasarsa ya buɗe makarantar kurame a Accra a 1957 da Ibadan a 1960, kafin rasuwarsa a 1987 ya kafa sama da 30 a Afirka. Aikin mishan ya kawo shi, na sani, amma mu da muke wa'azin tausayin mai rauni kullum ina namu? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara miliyan 34 ne ke da matsalar ji mai tsanani, kuma kusan kashi 60 cikin 100 ana iya kauce musu, rigakafin sanƙarau da ƙyanda da kula da kunne mai ruwa, don Allah iyaye a daina wasa da su.

Kurame suna da gasarsu ta duniya tun 1924 a Paris, ta cika shekara 100 har an yi ta Tokyo a Nuwambar 2025, da tuta alƙali yake aiki, da fitila ake tayar da tsere, kuma ba a shiga fili da na'urar ji a kunne. Da na nuna wa yarana bidiyon a waya sai da aka kusa karya min ita don turereniya, ɗaya ya tambaye ni wai duk waɗannan irinmu ne?

Roƙona gare ka, ka tura wakilinka wata makarantar kurame ranar wasanni ya gani da idonsa ya rubuto, ko da ranar 23 ga Satumba ce ta yaren hannu ta duniya. Matasanmu masu horar da yaran unguwa kuma, ba sai kun tsallaka wata ƙasa ba kamar yadda ƙaddara ta yi da ni, yamma ɗaya a mako ta isa farawa, ku je da jan ƙyalle da haƙuri. Mu a nan damina ta shigo, baƙar ƙasar Gadarif ta zama taɓo, mun koma wasa a ƙarƙashin rumfa, ƙwallonmu ɗaya ƙaya ta fasa shi mun cusa masa tsumma, da shi za a buga Hilal da Marikh ranar Alhamis in Allah ya kai mu.

Wassalam,
Mai karanta ku daga Gadarif, Sudan.