Zuwa Ga Sani, Kan A-kori-kurar Amurka

Assalamu alaikum Malam Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Wata biyar ba ka ce uffan ba, sai da zancen mota ya taso ka tuna da ni, angon Bilki! To, na yafe.

Ka tambayi dalilin da ya sa ba a ganin Hilux a titunan Amurka, alhali daga Kano har Maraɗi ita ce sarauniya. Kaji ne suka jawo, wallahi. Faransa da Jamus ta Yamma sun ɗora wa kajin Amurka haraji, Shugaba Lyndon Johnson ya rama: daga 1964 duk ƙaramar motar kaya da aka ƙero a waje sai ta biya kashi 25 cikin ɗari, kuma har yau harajin yana nan. Subaru har kujeru biyu ta kafa a bayan motarta BRAT don kwastan su ɗauke ta a motar fasinja. Toyota kuwa, maimakon Hilux, Tacoma take sayar musu tun 1995, Tundra kuma a San Antonio ta jihar Texas take haɗa ta.

Asalin abin daga gona ne. Manoma ke yanke bayan motar Ford Model T su kafa akwatin katako don kai amfani kasuwa, sai Ford ya fito da tasa a 1925 a kan dala 281. Jerin a-kori-kurar Ford mai suna F ya fara a 1948, F-150 ta zo a 1975, kuma tun 1977 babu a-kori-kurar da ta kai jerin nan ciniki a ƙasar. A karkara da ita ake jan tirelar shanu, da ita ake zuwa coci, uba ya tsufa ya bar wa ɗa. Ranar wasan ƙwallo su sauke ƙofar baya a filin ajiye motoci su gasa nama. Abin da ke damuna shi ne na yanzu: ƙofa huɗu, bodin baya ya koma ƙafa biyar da rabi maimakon takwas, gaban ya yi tsayin da direba ba ya ganin yaro tsaye kusa da bamba.

Wai da gaske Garba ya sayar da injin niƙan ya koma kiwon kifi? Ladidi ta ce har ya haƙa rami na biyu. Ka ce masa bashin kilishin yana nan.

Yanzu batun wadda kake son ɗaukowa ta Kwatano. Don Allah kada fenti ya ruɗe ka, a shiga ƙarƙashinta da tocila da guduma. Jihohin arewa irin Michigan da Ohio suna zuba gishiri a hanya lokacin ƙanƙara, gishirin yana cin shasi daga ciki. A ƙwanƙwasa wajen da sifirin baya ya kama shasin. In ƙarfen ya yi ƙarar kwali ko ya zubo ɓawo, a bar ta. A duba bututun birki ma, shi ma tsatsa na huda shi. Ta kudu kuma ambaliya ake tsoro: a ɗaga kafet, a nemi laka da warin damshi, domin wayoyin da ruwa ya taɓa sai bayan watanni suke fara rikici. Lambar shasi mai harafi da lamba 17 ka turo min, da ita ake gano ko inshora ta taɓa yanke mata hukuncin lalacewa.

In F-150 ce daga 2015 zuwa sama, bodinta alminiyam ne. Ba ya tsatsa, amma mai gyaran bodi na bakin titi ba zai iya yi masa walda da kayan ƙarfe ba.

Sannan a jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai takarda mai nuna iyakar nauyin da take ɗauka, har da mutanen da ke ciki. Yawancin masu ƙofa huɗu kilo 700 ne zuwa 900. Mutum biyar sun cinye kusan 400, saura buhun masara uku zuwa biyar, ba ashirin ɗin da na san za ka loda ba. In aka wuce, baya ya zauna, gaba ya yi sama, sitiyari ya yi sako-sako, birki ya ɗau zafi, taya ta fashe.

Kada ka biya ko sisi kafin hotunan ƙarƙashin su iso. Ka gaida Baba da jiki, a gaya min ko ƙafar ta sauka.

Naka,
Aminu