Wasiƙa: Wa Ya Koya Musu Da Har Za Su Manta?

Assalamu alaikum Edita,

Na saurari shirinku na ranar Asabar, kuma gaskiya raina ya ɓaci. Farfesan da kuka gayyato ya share rabin awa yana cewa ɗaliban yanzu ba su iya rubutun kafa hujja ba, wai waya ce ta lalata su. To ranka ya daɗe, wa ya koya musu da har za su manta?

Ni ganau ne. Da ɗana yake aji ɗaya a jami'a, darasin GST na Turanci, wato darasin bai-ɗaya da kowane sabon ɗalibi ke yi, a babban ɗakin taro ake yin sa, ɗalibai maƙil har kan taga, malami ɗaya da lasifika. Jarabawa kuma a kwamfuta, canki-canka. Shekara guda cur ba wanda ya karɓi rubutunsa ya sa jan biro ya ce, "Nan ina hujjarka? Wa kake wa magana?" Abin da ya shiga da shi daga sakandare shi ya fito da shi: haddar muhawarar WAEC, a gai da shugaba, a gai da alƙalai, a gai da mai kula da lokaci, a cika kalmomi 450.

Bara da damina kwatar unguwarmu ta toshe, ruwa ya shiga gidaje. Aka ce ga ɗana mai digiri, ya rubuta mana takardar koke zuwa ƙaramar hukuma. Ya kawo min shafi uku. Na farko kaf ma'anar ambaliya ce da ya kwaso a intanet, har da sauyin yanayi. Gida nawa ruwa ya ci? Babu. Yaushe? Babu. Na ce masa, yaro, wanda zai karanta wannan takarda fayil ne jibge a gabansa, kuma ya san ambaliya tun kafin a haife ka. Je ka ƙirgo gidajen, ka ɗauko hotuna, ka auno tsawon kwatar. Ya dawo da rabin shafi, ita muka kai.

Ko a makarantar zaure ka kawo magana, malam zai ce a wane littafi, wane babi. Farfesan kuwa bai faɗa mana rubutun ɗalibi nawa yake dubawa da hannunsa a zango ba, mai gabatarwa ma sai "haka ne, haka ne" yake ta yi.

Sannan don Allah ku gyara layin wayarku. Sau shida ina kira, katina ya ƙare a sauraron talla.

Naku,
Mai sauraro daga Zariya