A mayar da wasannin zamanin Turawa kan dandamali

Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu ja hankalin malaman Hausa da shugabannin makarantu kan wasannin kwaikwayo da aka rubuta a zamanin mulkin mallaka. Yau ɗalibai na haddace su domin jarrabawa, amma da wuya ka sami wanda ya taɓa ganin ko ɗaya a kan dandamali, alhali kuwa domin a yi su aka rubuta su.

Bahaushe yana da tashe da wasan gauta da 'yan kama tun kafin Bature ya zo, kuma duk a fili ake yin su, 'yan kallo sun yi da'ira. Abin da makarantar boko ta ƙaro shi ne rubutaccen wasa, da labule, da zaunar da jama'a a fuska ɗaya. R. M. East na Hukumar Talifi a Zariya ya fitar da Six Hausa Plays domin 'yan makaranta, Abubakar Tunau ya rubuta Wasan Marafa kan tsafta, Malam Aminu Kano kuwa tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna yake shirya wasannin sukar zalunci. Na Shu'aibu Maƙarfi, irin su Jatau Na Kyallu, sun fito dab da samun 'yancin kai a 1960. Hukuma ta san ƙarfin dandamali: wasan Hubert Ogunde, shahararren ɗan wasan kwaikwayo Bayarabe, kan harbe masu haƙar kwal 21 a Inugu a 1949 ya gamu da takunkumi da ya shigo Arewa.

Mai son farfaɗo da irin waɗannan wasanni ba ya bukatar babban zaure. Dandamali mai faɗin taku takwas, zurfin taku biyar, tsayinsa zuwa gwiwa, ya wadatar. A sa bayansa ya jingina da bango, domin bango ne ke turo murya gaba. Idan aka bar bayan a buɗe, iska ta kwashe magana, sai sahu na huɗu ya fara surutu. A bar ƙofar shiga biyu, dama da hagu, mai tuni, wato mai tuna wa 'yan wasa abin da suka manta, ya zauna bayan zana riƙe da rubutun.

Fitila ita ce ta fi ɓata wasa. Inda babu lantarki, fitilar Tilley mai famfo aka saba amfani da ita, kuma haskenta na raguwa idan iskar cikinta ta yi ƙasa, don haka sai an ajiye mutum guda aikinsa ke nan, ya yi famfo tsakanin fitowa da fitowa. Ko da fitilar sola za a yi yau, dokar ɗaya ce: a rataya biyu ta gaba, sama da kan 'yan wasa, ɗaya a kowane gefe. Aka sa ta a baya, fuska ta zama inuwa. Aka ajiye ta a ƙasa, ta kashe wa na sahun gaba ido.

Sai murya. A lokacin gwaji, malami ya tsaya a sahun ƙarshe, duk jimlar da bai ji ba a maimaita ta. Kada ɗan wasa ya juya wa jama'a baya yana magana, kuma ya jira dariya ta lafa kafin ya ci gaba, in ba haka ba karin maganar da wasan ya dogara a kai ta salwanta. Wannan ya fi muhimmanci a wasannin Maƙarfi, domin zance ya fi motsi yawa a cikinsu, dogon jawabi kuwa in ba a raba shi da tashi da zama ba, yana gundurar mai kallo.

A makarantun kwana na maza a wancan lokaci, yara maza ne ke ɗaura zane su fito a mata. Makarantar da ke da ɗalibai mata ba ta da dalilin kwaikwayon wannan, domin da zarar namiji ya fito da ɗankwali sai dariya ta rufe saƙon. Muna kira ga ma'aikatun ilimi na jihohi su sa kowace sakandare ta yi wasa ɗaya daga cikin waɗannan a ƙarshen zango, a gayyato iyaye.

Wassalam.

Wasu malaman wasan kwaikwayo, Zariya