Amsa ga matashin da ya tambaye ni kan ciniki da baƙi

Assalamu alaikum, ƙanena.

A taron matasan 'yan kasuwa ka miƙe a bainar jama'a ka tambaye ni: me ya sa mai saye zai taso daga Turai ko Sin ya zo Gombe da kuɗinsa, mu ga kayanmu, amma a tashi baram-baram? Ka ce ko raini ne. Lokaci ya ƙure ban amsa ba.

Ba raini ba ne. Shekarun baya na raka wani Bature Tudun Hatsi, kasuwar hatsi ta Gombe, neman riɗi. Ya taya, mai kaya ya ce "albarka". Tafinta ya fassara masa cewa an sa albarka, sai ya miƙo hannu yana murmushi, a zatonsa an sallama. Mu kuwa mun san cewa aka yi tayinsa bai kai ba, ya ƙara. Da aka warware masa, sai ya ɗauka an yi masa magana biyu. Shi ma mai kayan ransa ya riga ya sosu, don baƙon bai tambayi iyali ba, an kawo ruwa bai sha ba, ko bencin bai zauna ba ya zaro takarda yana tambayar danshi da tsakuwar da ke cikin buhu. Har yau cinikin nan yana yi mini ciwo, domin mutanen kirki ne su biyun.

A wurinmu doguwar gaisuwa awo ce, da ita muke gane wanda za a ba kaya bashi. La'adar dillali ma ladan tsayawa ce tsakanin mutum biyu da ba su san juna ba. Bature ya ɗora wannan nauyin kan takarda da sa hannu.

Mutanen Sin sun fi kusa da mu. 'Yan'uwanmu masu zuwa baje kolin Guangzhou, wanda ake yi tun 1957, sun san sai an ci abinci tare magana ke nuna, kuma "zan duba" sau da yawa a'a ce cikin kunya. Ɗan Anacha mai sayen wake kuwa ɗaga murya ba faɗa ba ne a wurinsa.

Inda nake ganin laifinmu shi ne jin haushin takarda, kamar an ce ba mu da amana. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Kaya nawa suka tafi kudu da "Allah ya kai mu", zumunci ya lalace a kansu?

In baƙonka zai zo, ka zauna da tafinta tun ana gobe zai iso, ka bambance masa "albarka" da "na sallama". Ka kuma leƙo rumfata ranar Asabar in nuna maka takardar da nake rubutawa da masu sayen riɗina.

Naka,
wani ɗan kasuwar hatsi a Gombe