Kafin a miƙa kuɗin haya a unguwannin shiru na Bauchi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida tamu mai albarka domin mu yi magana da masu neman gidan haya a cikin garin Bauchi, musamman ma'aikatan da aka yi wa canjin wurin aiki da angwayen da ke shirin tarewa. Sana'armu ita ce kula da gidajen haya da gyaransu, kuma kusan duk wanda ya zo neman gida maganarsa ɗaya ce: a samo masa unguwa mai shiru wadda ba ta da nisa da Wunti ko Babbar Kasuwa ko sakatariya. Buƙata ce mai kyau, kuma akwai irin waɗannan wurare: Tsohuwar GRA da Sabuwar GRA, Fadamar Mada, Federal Low Cost, State Low Cost, da rukunonin gidaje irin su Tambari da Ibrahim Bako. Abin da ke damunmu shi ne mutum ya ga faffaɗan titi da inuwar darbejiya, ya ji ba hayaniya, ya ƙirga kuɗin shekara guda ya miƙa a ranar, bai tambayi ruwa ba, bai tambayi wuta ba, bai san ta inda ruwan sama ke bi ba. Kafin wata uku sai ka ji shi da mai gida a gaban mai unguwa.

A fara da ruwa, domin shi ne ya fi korar ɗan haya daga gida mai kyau. Ruwan famfon garin daga madatsar Gubi yake zuwa, kuma ba kowane layi ne ke samunsa kullum ba. Ko a layi ɗaya, gidan da ke gangare zai cika tankinsa, na kan tudu kuwa iska kawai zai ji a famfo. Kada a tambayi dillali wannan magana. A tambayi maƙwabci, ko a tsaya a bakin layin da sassafe: idan 'yan ga-ruwa suna ta shige da fice da kurarsu, an sami amsa.

Idan an ce gidan yana da rijiyar burtsatse, nan ma da sauran bincike. Garin Bauchi a kan dutse yake zaune, ruwan ƙasa kuma a cikin tsagar dutsen yake taruwa. Shi ya sa za ka ga rijiyar wani gida tana ba da ruwa rani da damina, ta maƙwabcinsa da katanga kawai ta raba su kuma ta ƙafe tun watan Maris. Rijiyar da aka gwada a watan Agusta ba a gwada ta ba. A sa a kunna injin a gabanka, ka duba agogo. Idan bayan minti 10 ko 15 ruwan ya fara tsinkewa yana tofar da iska, rijiyar ba ta da ƙarfi, kuma injin da ke cikinta, wanda ake kira sumo, ba zai daɗe ba, domin aiki babu ruwa shi ke ƙona shi. To a nan ne ya kamata a tambaya tun wuri: idan ya ƙone, wa zai saya? Idan gidan na mutum uku ne ko huɗu, da mitar wa injin yake aiki?

Lissafin tanki ba shi da wuya. Mutum ɗaya yana cin kimanin lita 50 a rana tsakanin wanka da wanki da girki da alwala da ban-ɗaki. Gida mai mutum shida lita 300 ke nan, wato jarka 12 mai cin lita 25. Tanki mai lita 2,000 zai kai su kwana shida, amma idan iyali uku ne ke sha a kansa, kwana biyu ya ƙare. A hau a leƙa cikinsa, a ga ko yana da murfi, a ga ko akwai gansakuka. Sannan a auna tsakanin rijiya da ramin masai. Bai kamata ya gaza mita 15 ba, mita 30 ya fi kwanciyar hankali, kuma kada ramin ya kasance a saman rijiyar ta ɓangaren tudu. A filayen da aka yanka aka cusa gidaje huɗu inda da gida ɗaya ne, wannan tazara ita ce ake fara cinyewa, daga nan kuma sai taifot ta zama baƙuwar gidan.

Sai wuta. Kamfanin rarraba wutar lantarki na Jos, wato JED, ne ke raba ta a Bauchi, kuma layukan an kasa su rukuni-rukuni: rukunin A awa 20 a rana aka yi masa alkawari, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Tun watan Afrilun 2024 kuɗin yunit ɗaya a rukunin A ya haura naira 200, ninkin abin da sauran ke biya kimanin sau uku. Saboda haka idan dillali ya ce wuta ba ta ɗaukewa a layin, ba ƙarya ya yi ba wataƙila, amma bai faɗi kuɗinta ba. Na'urar sanyaya ɗaki matsakaiciya tana shan kusan yunit ɗaya a awa. Wanda ya kunna ta awa takwas kowane dare a zafin Afrilu ya sha yunit sama da 200 a wata, wato fiye da naira dubu 40, ba a sa firji da dutsen guga da injin ruwa ba. Mai albashi ya yi wannan lissafin kafin ya sa hannu.

Babban tarkon kuwa bashi ne. Sau da yawa bashin wuta ba ya bin ɗan hayar da ya tashi, a kan mitar gidan ake barinsa. Idan mita mai kati ce, a karɓi lambarta, a je ofishin kamfanin a tambaya ko akwai tsohon bashi a kanta, domin idan akwai, duk lokacin da ka sayi kati sai an zaftare wani abu. Hanya mai sauƙi ita ce a sayi na naira dubu ɗaya ko biyu a ga yunit nawa ya fito. Idan babu mita, bil na ƙiyasi ake kawowa, to a ga takardar bil ta ƙarshe da ido, a rubuta a yarjejeniya cewa duk abin da ya gabaci ranar shiga na mai gida ne. Mu dai a ganinmu, gidan da mutum biyu ko uku ke raba mita ɗaya gara a haƙura da shi, ko da ya fi arha. Ba a taɓa yin adalci a rabon kuɗin ba, kuma ita ce rigimar da ta fi ɓata zumuncin matan gida.

A koma gidan da magariba a ga ƙarfin wutar. Idan an auna, ya kamata ta tsaya tsakanin volt 220 da 240. A layin da taransifomarsa ta ɗauki fiye da ƙima, tana faɗowa ƙasa da 180 da dare, fanka tana juyawa da ƙyar, firji yana gurnani har ya ƙone. A tambayi maƙwabta yaushe rabon da taransifomar ta lalace, kwana nawa aka yi a duhu, da kuma ko an yi karo-karo. Wanda zai sa sola a kan rufi ya nemi izinin mai gida a rubuce, a kuma rubuta cewa kayan nasa ne, zai kwance abinsa ranar tashi ya toshe hudar ƙusoshin.

Damina ba ta ɓoye sawunta ga mai dubawa. A duba gindin bango daga ciki da waje: idan fenti ya kumbura yana zuba, ko akwai farin gishiri-gishiri, ko wani layi mai duhu da ya zagaye katanga, ruwa yana kwanciya a nan. Sabon fenti a ƙasan bango kaɗai abin tambaya ne. A ɗaga kai a duba silin, tabo mai launin ƙasa-ƙasa alamar yoyo ce. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi: inda aka yi sabuwar kwalta, titin yakan ɗaga ya fi tsakar gidan tsawo, sai ruwan titi ya riƙa shigowa ta ƙofa. A tsaya a bakin ƙofar a gwada da ido. A bi kwatar gidan a ga inda ta faɗa, da kuma ko magudanar bakin titi a cushe take da yashi da leda. Iskar farkon damina a Bauchi ba ta wasa da rufin da gara ta cinye katakonsa, don haka a sa kafinta ya leƙa saman silin. Tsofaffin gidajen GRA suna da kauri da sanyi da fili, amma da yawansu bututun ƙarfe ne a cikin bango, ya yi tsatsa, wayoyin wuta kuma sun tsufa. Kuɗin da za a ba mai gyaran famfo da mai gyaran wuta su zagaya gidan na awa ɗaya bai kai kuɗin canza famfo ɗaya ba.

Shi kansa shirun da ake saya da tsada sai an gwada shi. Dillalai da hantsi suke kai mutum ganin gida, lokacin da yara suna makaranta, manya suna wurin aiki. Zuwa da kai ya fi aike: a koma da ƙarfe bakwai da rabi na safe, a koma bayan isha'i, a kuma koma yammacin Asabar. Gidajen zama da yawa a waɗannan unguwanni an mai da su makarantun kuɗi da otal da ɗakunan biki. Layin da ba ka jin komai da rana, da safe motocin kawo yara sun toshe shi, daren Asabar kuma kiɗa har ƙarfe 12, ga janaretan otal yana kwana yana ruri a bayan tagarka. Muna roƙon hukumar tsara birni ta jiha ta dubi wannan da gaske. Wanda ya biya haya mai tsada domin ya huta yana da haƙƙi, kuma bai dace a ba da izinin ɗakin biki a tsakiyar gidajen iyali ba tare da jin ta bakin maƙwabta ba.

Shiru kuma yana da nasa kuɗin. A cikin gari, mai shago da mai kayan miya da mai niƙa duk a ƙofar gida suke. A nan kuwa ko maggi ne ya yanke sai an fita titi. Masu Keke Napep ba su cika shiga lunguna ba sai da shata, bayan isha'i ma da wuya a samu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wanda ba shi da abin hawa ya haɗa kuɗin zuwa aiki, da kai yara makaranta, da zuwa kasuwar Muda Lawal cefane na wata guda, ya ninka sau 12, ya ɗora a kan kuɗin hayar. Wannan ne ainihin farashin gidan. Layi mara mutane kuma ya fi daɗi ga masu ƙwacen waya, don haka a lura da kango ko filin da ciyawa ta rufe a jikin katanga, a tambaya ko akwai 'yan sintiri da nawa kowane gida ke bayarwa a wata. Da an tare a je a gaida mai unguwa da limamin masallacin layin. Inda katanga ta yi tsawo, sai mutum ya kai kansa ake saninsa, kuma ranar rashin lafiya da tsakar dare maƙwabci ne zai fito da mota.

Maganar takarda ita ce ta ƙarshe, amma kada a ba da ko sisi kafin ta. A ga mai gidan ido da ido, ko wakilinsa mai takardar wakilci. Idan gidan gado ne da ba a raba ba, a tabbatar wane ne magada suka amince ya karɓi kuɗi, domin ana biyan ɗaya, wani ya zo daga baya ya ce bai san zancen ba. A biya ta banki, cikin asusu mai sunan mai gida, a karɓi rasit. La'adar dillali a al'ada kashi 10 cikin 100 ce, sau ɗaya, ba kowace shekara ba. Kuɗin ajiya na ɓarna amana ne, a rubuta nawa ne da ranar da za a mayar. Ranar karɓar makulli a ɗauki hoton kowane ɗaki da mita da ban-ɗaki, a tura wa mai gida ta WhatsApp domin kwanan wata ya zauna. Kunya ce ke hana mutanenmu rubutu, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu.

A cikin yarjejeniyar a fayyace gyara. Rufi da bango da rijiya da ramin masai na mai gida ne. Ƙwan fitila da kan famfo da makulli da gilashin da yara suka fasa na ɗan haya ne. Idan ɗan haya zai yi babban gyara da kuɗinsa a cire a haya, a rubuta adadin kafin a sayi buhun siminti ɗaya. A rubuta wata nawa za a sanar kafin ƙarin kuɗi. Idan takarda ba ta ce komai a kan tashi ba, abin da aka sani a doka shi ne mai hayar shekara a ba shi notis na wata shida, mai biyan wata-wata wata ɗaya, bayan nan notis na kwana bakwai, sannan kotu. 'Yan'uwanmu masu gidaje su sani cewa cire ƙofa, ko yaye kwano, ko yanke wa ɗan haya ruwa da wuta domin ya tashi laifi ne, kuma yana iya sa mai gaskiya ya koma mai biyan diyya. Ɗan haya shi ma, idan ya san ba zai sabunta ba, ya faɗa tun saura wata uku, ya biya bil ɗinsa na ƙarshe, ya miƙa makulli hannu da hannu a gaban shaida.

Wassalam.

Daga wasu masu kula da gidajen haya,
Bauchi.