Wasiƙar Godiya ga Ma'aikatan Ofishin Fasfo na Dutse

Zuwa ga Kwanturolan Hukumar Shige da Fice ta Ƙasa, reshen Jihar Jigawa.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, na rubuto ne a madadin maniyyata aikin Hajji na ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim, domin mu bayyana godiyarmu a bainar jama'a bisa yadda ma'aikatanku suka karɓi dattawanmu da suka je neman fasfo.

Akasarinsu manoma ne waɗanda suka sayar da riɗi ko shanu kafin su iya biyan kujera, ga shi kuma tun daga ranar 1 ga Satumba, 2025, fasfo mai shafi 32 na shekara 5 ya koma naira 100,000, mai shafi 64 na shekara 10 kuwa naira 200,000. Wannan ba ƙaramin nauyi ba ne a kan mutumin karkara, shi ya sa muka ji daɗi da ma'aikatanku suka nanata cewa ta intanet ake biyan kuɗin, kada a miƙa wa kowane dillali ko kwabo.

Babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne batun sunaye da shekaru. Ba a bayar da fasfo sai da lambar katin ɗan ƙasa, wato NIN, kuma dole ne bayanan da ke kanta su yi daidai da na sauran takardu. To, a ƙauye mutum yana iya zama Habu a takardar shaidar ƙaramar hukuma, alhali Abubakar aka rubuta a katinsa, ranar haihuwa kuwa kintace ne, domin yawancin iyayenmu ba a asibiti aka haife su ba. Ma'aikatanku ba su kori kowa da tsawa ba. Sun yi bayani da Hausa, dalla-dalla, cewa hukumar katin ɗan ƙasa ce ke da ikon wannan gyara, sannan suka faɗi dalili: abin da ke cikin fasfo shi ake bi wajen buga bizar Saudiyya da yankan tikitin jirgi, saboda haka gara a sha wahalar gyaran a Dutse da a tsayar da tsoho a filin jirgi. A ganina, wannan bayanin ya fi komai amfani.

Haka nan wajen ɗaukar zanen yatsu. Hannun da ya shekara da shekaru yana riƙe fartanya, zanensa kan suɗe har na'ura ta kasa karantawa, amma jami'in da ke wurin ya yi ta maimaitawa cikin haƙuri, yana cewa, "Baba, sake ɗorawa a hankali," har aka dace. An kuma gabatar da tsofaffi mata a layi.

Muna da roƙo guda, ranka ya daɗe. Masu tsohon fasfo da yawa ba su san cewa Saudiyya na buƙatar ya kasance da sauran aƙalla wata 6 kafin ya ƙare ba. Da za a riƙa sanarwa a gidan rediyo tun kafin lokacin biyan kujera, da mutanen Maigatari, Gumel da Birnin Kudu sun sabunta nasu a kan kari.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara ɗaukaka. Wassalam.

Naku,
Malamin makarantar firamare, a madadin maniyyatan ƙauyenmu.