Ɗalibai, mu shiga horon jagoranci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, kuma bana na shiga shirin da ke horar da ɗalibai kan jagoranci da hidimar jama'a. Ina roƙon fili in yi kira ga ƴan uwana, musamman mata, don mun yi kaɗan ƙwarai.

Wasu suna cewa siyasa ce, shi ya sa suke gudu. Wallahi ba wanda ya tambaye mu jam'iyya. An tura rukuninmu wajen wani mai unguwa a Harobanda, da ke tsallaken kogi a nan Yamai, kan maganar magudanan ruwa da shara ta toshe, alhali kowa ya san abin da ambaliyar kogin Kwara ta yi wa wannan gefen a 2020. Tsohon ya zaunar da mu a kan tabarma ya ce mu fara da sauraro. Matan unguwa suka nuna mana inda ruwa yake kwanciya, mu kuma muka rubuta takardar koke zuwa ofishin magajin gari, muka koyi bin sawunta har a amsa. Wannan ba a koyar da shi a aji.

Ɗaliban da suka rasa rayukansu a zanga-zangar gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairu 1990 don ƙasar nan suka fito, kuma kula da unguwa ma yi wa ƙasa aiki ne.

Iyayenmu, don Allah ku bar ƴaƴanku mata su zo. Da rana ake taron, kafin magariba kowa ya koma gida.

Wata ɗaliba,
Yamai